Yadda Ake Neman Gurbin Karatun Likita a Jami'o'in Najeriya, Mataki Bayan Mataki

Kowace shekara, da zarar JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta saki sakamakon jarrabawa, sai tambayoyi su yi ta zuwa mini daga ɗalibai da iyaye, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke: yaro ya ci maki mai kyau, yana son karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero, me za a yi yanzu? Abin da yake damuna shi ne, yawancin masu wannan tambaya sun makara, domin kuskuren da zai hana yaron gurbi an riga an yi shi tun ranar da aka cika fom. Na daɗe ina koyarwa a makarantar sakandare, kuma na ga ɗalibai masu ƙwaƙwalwa sun rasa shekara guda saboda harafi ɗaya a cikin suna ko layin waya da ya ɓata. Saboda haka na jera matakan yadda suke bin juna. Na ɗauki karatun likita ne domin ya fi kowane fanni cunkoso, amma mai neman shari'a ko haɗa magunguna ko aikin jinya zai iya bin wannan tsari. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin rubutu, alhali maganar ta haɗa da 'yan'uwa mata.

1. Daidaita takardunka kafin a fara sayar da fom

Wannan aiki na watannin Oktoba zuwa Disamba ne, tun kana ajin ƙarshe na sakandare. Ka ɗauko takardar lambar ɗan ƙasa, wato NIN, da takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da bayanan da makarantarku ta tura wa WAEC ko NECO, ka shimfiɗa su a gabanka, ka gwama su harafi da harafi. JAMB ba ta tambayarka sunanka, daga rumbun hukumar NIMC, mai bayar da NIN, take ɗauko suna da ranar haihuwa da jinsi, don haka duk kuskuren da yake can zai biyo ka har takardar shiga jami'a. A wajenmu matsalar ta fi yawa a sunaye masu rubutu iri-iri. Za ka tarar an rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko A'isha a nan, Aishatu a can, ko kuma sunan mahaifi ya koma gaba a wata takardar. Idan ka ga saɓani, ka je ofishin NIMC a gyara tun yanzu, saboda gyaran yana ɗaukar lokaci kafin ya bayyana a na'ura.

Ka kuma duba shekarunka. Ƙa'idar da ake bi ita ce ɗalibi ya cika shekara 16 kafin a ba shi gurbi, kuma a shekarar 2025 ranar 30 ga Satumba aka sa a matsayin iyaka.

Gargaɗi: ka tanadi layin waya naka na kanka da adireshin imel naka na kanka. Kada ka yi amfani da layin mai shagon intanet, ko na wani yayanka da ya taɓa yin rajistar JAMB da shi. Da wannan layi za ka karɓi lambar rajista, da shi za ka duba sakamako, kuma sauya shi daga baya aiki ne mai wuyar gaske. Ka riƙa sa masa kati lokaci-lokaci don kada kamfani ya rufe shi ya sayar wa wani.

2. Sakamakon sakandare

Karatun likita yana buƙatar kiredit biyar, a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Jami'o'i da dama suna sharɗanta a same su a zama ɗaya, wato ba za a haɗa rabin WAEC da rabin NECO ba, ko da kuwa sun yarda da haɗawar a wasu fannoni. Wani abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne, kiredit ɗin ma hawa-hawa ne. A jami'ar da take ba sakamakon sakandare maki wajen tantancewa, mai A1 da B2 ya riga ya tsere wa mai C6 tun kafin a dubi makin JAMB. Saboda haka kada ka zuba dukkan ƙarfinka a JAMB ka ɗauki jarrabawar fita sakandare a matsayin wadda tsallakewa kawai ake nema.

3. Zaɓen jami'a da neman shawara

A nan na fi so a tsaya, domin a nan aka fi yin asara. Fom ɗin JAMB yana ba ka damar zaɓar makarantu huɗu, amma a fannin likita zaɓin farko ne kaɗai yake da nauyi. Jami'ar da masu nemanta a zaɓin farko suka ninka guraben da take da su sau da yawa ba ta da dalilin waiwayar wanda ya sa ta a zaɓi na biyu. Kuma guraben ba jami'a ce take yanka wa kanta ba. Majalisar kula da aikin likita ta ƙasa, MDCN, ita take ƙayyade wa kowace kwalejin likitanci adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Shi ya sa ko shugaban jami'a ba zai iya buɗe ƙofa ga kowa ba.

Jami'o'in gwamnatin tarayya suna raba gurabensu kashi uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, inda ake jera masu nema daga kowace jiha bisa makinsu. Kashi 35 na 'yan yankin da aka ware wa jami'ar ne. Ragowar kashi 20 na jihohin da aka baro a baya a ilimin boko ne, kuma yawancin jihohin Arewa suna cikin wannan rukuni. Ma'anar wannan ita ce, ɗalibai biyu masu maki ɗaya za su iya neman jami'a ɗaya, a ɗauki ɗaya a bar ɗaya, ba tare da an yi wa kowa zalunci ba. Jami'o'in jihohi kuwa 'yan asalin jiharsu suke fifitawa. Saboda haka tambayar da ta dace ba ita ce wace jami'a ta fi suna ba. Ka tambayi kanka a wace jami'a ce makinka da jiharka za su fi yi maka aiki.

Zariya da Kano ba su kaɗai suke horar da likitoci ba. Akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, da ta Jos, da ta Ilori, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare, da jami'o'in jihohi irin na Kaduna da Gombe. Shaidar zama likita ɗaya ce ko daga ina ka fito, muddin MDCN ta amince da kwalejin. Wannan amincewar ita ce abin da za ka bincika a shafin majalisar kafin ka zaɓi sabuwar jami'a, domin ɗalibai sukan maƙale shekaru a aji ɗaya idan kwalejinsu ba ta samu izinin ci gaba ba.

To, wa za ka tambaya? Shawarar da ta fi kowace amfani tana wajen ɗalibin da ya shiga wannan fanni a wannan jami'a bara ko bara waccan. Ka nemi biyu ko uku daga cikinsu, zai fi kyau a samu ɗan jiharku, ka yi musu tambayoyi masu kan gado: maki nawa ka ci a JAMB, me sakamakonka na sakandare ya nuna, jarrabawa aka yi muku ko tantance takardu kawai, a jerin sunaye na nawa ka fito, kuma su wa ka sani da suka ci maki kusa da naka amma aka mayar da su wani fanni? Amsar tambayar ƙarshe ita take nuna maka inda iyakar take a zahiri. Bayan su sai malamin da yake ba da shawara a makarantarku, da ofishin JAMB na jiharku, da kundin JAMB na intanet mai suna IBASS, inda aka rubuta sharuɗɗan kowane fanni a kowace jami'a.

Shawarar kawu ko baffa da ya yi jami'a shekaru ashirin da suka wuce abar girmamawa ce, amma tsarin da ya sani ya sauya. A zamaninsa takarda daga wani babba tana iya buɗe ƙofa, yanzu kuwa tun shekarar 2017 duk wani gurbi sai ya bi ta manhajar CAPS ta JAMB. Ka saurare shi da ladabi, sannan ka tabbatar da maganar a inda aka rubuta ta.

Gargaɗi: duk wanda ya ce yana da hanya a jami'a, a ba shi kuɗi ya samo maka gurbin likita, ko ya ce zai ƙara maka makin JAMB, ka guje shi. Na san wani uba da ya sayar da tumakinsa ya ba wani mutum kuɗin, aka kawo masa takardar shiga jami'a mai hatimi da sa hannu, yaron ya ɗauki jaka ya tafi, sai a wajen rajista aka ce babu sunansa a ko'ina. Uban ya dawo da takardar a aljihun babbar riga, ya nuna mini ita a ƙofar makaranta, ya kasa cewa komai.

4. Rajistar JAMB

A 'yan shekarun nan ana buɗe rajista tsakanin Janairu da Maris, kuma ba ta wuce makonni biyar zuwa shida. Ga yadda take tafiya. Da layin da ka tanada za ka rubuta NIN, ka bar tazara, ka rubuta lambobinka goma sha ɗaya, ka aika zuwa 55019 ko 66019. Za a cire naira 50 daga katin waya, don haka sai da kuɗi a layin, data ba ta yi. Za a maido maka da lambar bayananka, wadda da ita za ka sayi lambar rajista a banki ko wajen wakilan da JAMB ta amince da su. Daga nan sai ka tafi cibiyar CBT mai izini, wato cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, da kanka, domin za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka goma.

A shekarar 2025 kuɗin rajista gaba ɗaya naira 7,200 ne, idan kuma da jarrabawar gwaji naira 8,700. Kuɗin yana iya sauyawa, don haka ka duba sanarwar shekarar da kake ciki, kuma kada ka yarda wata cibiya ta ɗora maka ƙari. Ina ba da shawara a biya na gwajin, musamman ga ɗalibin da bai saba da kwamfuta ba, domin naira 1,500 ba ta kai asarar minti goma na ruɗewa a ranar jarrabawa ba.

Darussan da mai neman likita zai cika su ne Turanci da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Ba a sa Lissafi a nan, duk da cewa ana buƙatarsa a sakamakon sakandare. Idan sakamakonka bai fito ba, ana nuna cewa kana jiransa, sai ka ɗora shi daga baya.

Gargaɗi: kafin ma'aikacin cibiya ya danna maɓallin aikawa, ka karanta komai a allon da yake fuskantarka: suna, jiha, ƙaramar hukuma, darussa huɗu, jami'a, fanni, da garin jarrabawa. Layi yana da tsawo, ma'aikacin ya gaji, mutane suna gunaguni a bayanka, amma minti biyun nan naka ne. Jihar da aka rubuta ba daidai ba tana iya fitar da kai daga rukunin da ya kamata a auna ka a ciki.

Gargaɗi ga 'yan mata: kada a sa lalle a yatsu kafin rajista, kuma kada a sa kafin jarrabawa. JAMB ta sha jan kunne a kan haka, saboda lalle yana hana na'ura gane zanen yatsa, kuma wadda na'ura ba ta gane ba, ba za a bar ta ta shiga ɗakin jarrabawa ba. Idan akwai biki a gida a wannan tsakanin, iyaye su yi wa yarinya uzuri.

5. Shirin jarrabawa da ranar rubuta ta

Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Jimillar maki 400 ce. Idan ka raba lokacin za ka ga kowace tambaya daƙiƙa arba'in take da ita, kuma lissafin Fiziks da Kimistiri yana cin fiye da haka, saboda haka sai ka yi saurin gama Bayoloji da Turanci ka tara wa masu lissafi lokaci. Ka sauke manhajar karatun JAMB ta kowane darasi, ka bi ta babi-babi, ka haɗa da tambayoyin shekarun baya, kana yi da agogo a gabanka. Ka karanta littafin da hukumar ta zaɓa na Turanci gaba ɗayansa, domin ana ciro tambayoyi daga ciki, kuma maki ne mai sauƙin samu. Ɗalibanmu da yawa suna da ƙarfi a kimiyya, Turanci ne yake jawo su ƙasa, don haka ka ba shi lokaci na musamman kowace rana.

Maki nawa za ka nufa? Kada mafi ƙarancin makin da ake sanarwa bayan taron JAMB da shugabannin makarantu ya yaudare ka. A 2025 maki 150 aka tsayar wa jami'o'i, amma wannan ƙofar shiga layi ce kawai, ba ta da alaƙa da fannin likita. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, sama da mutum miliyan 1.5 cikin kimanin miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar ba su kai 200 ba, kuma waɗanda za ka yi takara da su daga cikin ragowar suke, daga can samansu. Ni dai ina gaya wa ɗalibaina su nufi 300, domin wanda ya nufi 300 ya faɗo 275 yana cikin takara, wanda kuwa ya nufi 250 ya faɗo 220 sai ya sake lissafi.

Kimanin mako guda kafin jarrabawa za a buɗe damar buga takardar da take nuna cibiyarka da rana da lokaci. Ka buga kwafi biyu, kuma ka je ka ga wurin kwana ɗaya kafin ranar idan ba ka san shi ba. Ba a shiga da waya ko agogo ko kalkuleta, akwai kalkuleta a jikin allon kwamfutar. Wanda bai iya riƙe linzami ba zai iya amfani da haruffa: A zuwa D na zaɓen amsa, N na matsawa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Ka kiyayi S ɗin nan har sai ka gama.

6. Bayan sakamako ya fito

Za ka aika UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019 da layin da ka yi rajista, sakamakon ya zo maka ta saƙo. Daga nan sai a zauna a yi lissafi na gaskiya, kai da iyayenka. Ka ɗauki makinka ka gwama da abin da ɗaliban bara suka gaya maka. Idan kana cikin sahu, ka bar zaɓinka yadda yake. Idan tazarar kaɗan ce, ka duba ko akwai wata jami'a da jiharka take da fifiko a cikinta, ko wadda cunkosonta bai kai na farko ba. Idan tazarar mai nisa ce, hanya biyu ce a gabanka: ka sauya fanni, ko ka ƙudurta sake jarrabawa baɗi. Sauyin jami'a ko fanni ana yin sa ne a cibiyar CBT, kuma kuɗinsa a 'yan shekarun nan naira 2,500 ne, ban da ladan cibiya.

Iyaye, a nan ina roƙonku. Na san daɗin a ce ɗan wane likita ne, amma tilasta wa yaro mai maki 210 ya ci gaba da riƙe likita a zaɓin farko yana iya jawo masa rasa komai a shekarar, alhali da makin nan zai iya samun wani fanni mai amfani. Ku tambaye shi abin da yake so, ku kuma bari alƙaluma su yi magana.

Gargaɗi: ka yi sauyin kafin jami'ar da za ka koma ta rufe fom ɗin tantancewarta. Sauyin yana ɗaukar kwanaki kafin ya bayyana a wajensu, kuma wanda sunansa bai zo musu daga JAMB ba, ba zai iya cika fom ɗinsu ba.

7. Ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB

Wannan mataki gajere ne, amma shi ya fi kowanne cin mutane a ɓoye. Da zarar WAEC ko NECO ta fito, ka je cibiyar CBT a ɗora maka ita a shafin JAMB. Ɗorawa a shafin jami'a daban ne, bai wadatar ba. Jami'a ba ta iya gabatar da sunan wanda manhajar CAPS take nuna har yanzu yana jiran sakamako, komai yawan makinsa. Bayan an ɗora, ka shiga shafinka da kanka ka buɗe sashen sakamakon sakandare ka ga darussan da idonka. Wata ɗalibata mai maki sama da 280 ta zauna wata uku tana jiran suna, sai da jerin farko da na biyu suka wuce muka gano cewa mai shagon da ta ba aikin ya karɓi kuɗi bai ɗora ba.

8. Tantancewar jami'a

Kowace jami'a tana fitar da nata fom na tantancewa, wanda aka fi sani da Post-UTME, galibi tsakanin Yuli da Satumba. Gwamnati ta ƙayyade kuɗinsa kada ya wuce naira 2,000, ko da yake cajin banki yakan hau kai. Wasu jami'o'in jarrabawa suke yi a kwamfuta, wasu kuma takardu kawai suke dubawa su fitar da maki, kuma jami'a ɗaya tana iya sauya salo daga shekara zuwa shekara. Shafin jami'ar na gaskiya kaɗai za ka dogara da shi, wanda adireshinsa yake ƙarewa da edu.ng, domin 'yan damfara suna buɗe shafuka masu kama da shi.

Ka nemi sanin yadda jami'arka take haɗa maki. Misali, Jami'ar Legas tana ba makin JAMB kashi 50, jarrabawarta kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20. A irin wannan tsari ana raba makin JAMB gida takwas, don haka mai 280 yana da 35, mai 304 yana da 38. Ka ga ke nan tazarar maki 24 a JAMB ta koma maki 3 kacal, wanda za a iya cike shi da kyakkyawan sakamakon sakandare ko ƙoƙari a jarrabawar jami'a. Wannan shi ne dalilin da ya sa bai kamata mai maki da yawa ya miƙe ƙafa ba, kuma bai kamata na bayansa ya karaya ba. Idan jarrabawa za a yi, ka koma kan littattafanka tun ranar da sakamakon JAMB ya fito, saboda watannin da suke tsakani sun isa mutum ya manta rabin abin da ya sani.

9. Bibiyar CAPS da karɓar gurbi

Bayan tantancewa sai jira, amma ba jiran zaman gida ba. Ka riƙa shiga shafinka na JAMB aƙalla sau biyu a mako, ka buɗe CAPS ka duba matsayinka. Idan a waya kake dubawa, ka mayar da burauzar zuwa yanayin kwamfuta, in ba haka ba wasu sassan ba za su bayyana ba. Da farko za ka ga ba a ba ka gurbi ba, daga baya ya nuna ana kan aiki, sannan in Allah Ya nufa ya nuna an ba ka. A lokacin ne za ka danna amincewa, ka buga takardar shiga jami'a ta JAMB da cikakken sakamakonka mai hoto. Akwai wa'adin karɓa, wanda ya yi sakaci ana iya ɗauka ya ƙi.

Sau da yawa jami'a takan ga makinka bai kai na likita ba, sai ta yi maka tayin wani fanni, kamar ilimin sassan jiki ko Bayoloji ko Kimistiri. Tayin yana fitowa a sashen amincewa da sauyin fanni, kuma ba za a mayar da kai ba sai ka yarda. Ka yi shawara kafin ka danna komai. Kada ka karɓa bisa zaton cewa za ka koma likita bayan shekara ɗaya, domin irin wannan sauyi yana da wuya ƙwarai, wasu jami'o'in ma ba sa yin sa sam. Ka karɓa idan fannin da kansa ya kwanta maka.

Gargaɗi: da zarar ka amince da gurbi a CAPS, an rufe maka sauran ƙofofi na wannan shekarar. Kada ka ba kowa lambar sirrinka, domin wani yana iya danna amincewa ko ƙi a madadinka. Haka kuma kada ka biya kuɗin makaranta a kan gurbin da bai fito a CAPS ba, ko da jami'ar ce ta liƙa sunanka a allo, saboda wanda babu sunansa a rajistar JAMB yakan gamu da cikas wajen tafiya hidimar ƙasa bayan ya gama.

10. Idan ba a dace ba a wannan shekara

Akwai hanyoyi uku da na ga sun yi wa ɗalibai aiki. Ta farko ita ce sake JAMB da shiri na gaskiya, bayan an gano darasin da ya jawo faɗuwa. Ta biyu ita ce karatun share fage na jami'a, irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello take yi a makarantarta ta Funtuwa, sai dai a tambaya tun farko ko ana ɗaukar ɗaliban shirin zuwa likita, da kuma ko sai an haɗa da sabuwar JAMB. Ta uku ita ce IJMB ko JUPEB, shirye-shiryen karatun gaba da sakandare waɗanda suke ba da damar shiga aji biyu kai tsaye ta fom ɗin JAMB mai suna DE. Guraben likita ta wannan hanya kaɗan ne, kuma sai mai sakamako na ƙoli, don haka wanda ya bi ta ya haɗa da sake JAMB a shekarar idan da hali, ya kuma tabbatar cibiyar da zai yi karatun tana da izini.

11. Rajista a jami'a

Wanda ya samu gurbi zai biya kuɗin karɓa da na rajista a shafin jami'a, sannan ya je tantance takardu ido da ido. Ka tafi da asalin komai da kwafi aƙalla biyar-biyar: takardar shiga ta JAMB, sakamakon JAMB, sakamakon sakandare, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, shaidar kammala firamare da sakandare, da ƙananan hotuna. Wasu jami'o'in suna neman katin duba sakamakon WAEC ko NECO don su tabbatar da kansu, kuma za a yi maka gwajin lafiya. Ka nemi ɗakin kwana a ranar da aka buɗe shafin, domin gadaje suna ƙarewa cikin kwanaki. Idan kuɗin makaranta ya yi wa gida nauyi, asusun lamunin karatu na NELFUND yana karɓar buƙatun ɗaliban makarantun gwamnati tun 2024, kuma jihohi da dama suna da hukumar tallafin karatu da take buƙatar shaidar ƙaramar hukuma da takardar shiga jami'a.

Gargaɗi: karatun likita shekara shida ne, kuma shekarar farko ita ma tantancewa ce. A aji ɗaya za ka yi Fiziks da Kimistiri da Bayoloji da Lissafi tare da ɗaliban kimiyya, kuma sai wanda ya cika sharaɗin kwalejin ake bari ya haye aji biyu, sauran a mayar da su wasu fannoni. Ka nemi littafin dokokin kwalejin a makonka na farko, ka karanta sharaɗin hayewa da kanka, ka rubuta shi a bangon littafinka kafin a fara lacca.